Ihun Da Ba Ta Yi Ba

Wanki take tana kuka, kuka take tana wanki. Farar rigar aikin nan mai aljihu a ƙirji ta sha sabulu har ta gaji, an cuɗa an ɗauraye an sake tsoma ta cikin kumfa, amma Siririya ba ta daina ba. Fatar yatsunta ta soma saɓulewa, ita ko a jikinta... so take kawai ƙamshin turaren mutumin nan ya bar mata riga, ya bar mata hanci, ya bar mata rai. Kafin rigar ma, jikinta ta fara yi wa haka a banɗaki da soso mai kaushi, har sai da ruwan gidan ya ƙare. To me za ta yi in ba wanki ba? Yarinyar da tun rasuwar iyayenta ba ta san wata sana'a ba sai fitar da datti daga tufafin mutane! Abu ya ɓaci, a wanke, a goge, a ninke. Iyakar abin da hannunta ya sani ke nan, kuma hannun bai tsaya neman shawarar kowa ba.

A wani babban otal take aiki, can ƙasa inda baƙi ba sa leƙawa, ɗakin wanki mai zafi da ƙarar injina, inda zannuwan gado da tawul da rigunan filo ke saukowa tuli-tuli tun safe. Abokan aiki ne suka sa mata Siririya saboda rashin jikinta, sunan ya bi ta har gida. Budurwa ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai, ƙanwar mahaifinta ce ta raine ta, wato Goggo, mace mai faɗa da saurin kuka, mai son yarinyar nan kamar ranta. Shi kuwa Manaja, mai kula da ma'aikatan ƙasa, mutum ne da kowa ke yabo, ga fara'a, ga kyauta, ga gaisuwa har da tambayar lafiyar yara. A ranar da abin ya faru, da rana tsaka, babban inji ya lalace, ɗakin wanki ya yi tsit ana jiran mai gyara. Manaja ya ce ta kai sababbin zannuwa sito. Ta shiga, ya biyo ta, ta ji an murɗa makulli... Abin da ya biyo baya ba zan sa shi a bakina ba, Allah ya isa! Abu ɗaya zan faɗa, domin duk labarin nan a kansa yake: ba ta yi ihu ba. Ta buɗe baki, wallahi ta buɗe, amma maƙogwaro ya ɗaure, jiki ya sandare, ko yatsa ta kasa ɗagawa. Da ya gama ya gyara wuyan rigarsa ya ce, “Ki jera zannuwan nan da kyau kafin ki fito.” Kuma ta jera su. Kaico!

Washegari ta koma aiki. Masu cewa da su ne da ba su koma ba, don Allah ku yi mana shiru, ba ku taɓa zama wanda tukunyar gida ke jiran albashinsa ba. A kan matakala suka haɗu, a gaban maigadi da masu shara, bakinta ya yi abin da ya saba kafin zuciyarta ta hana shi: “Ina kwana, Yallaɓai.” Ya yi murmushi ya ce, “Lafiya lau, 'yata.” Haka ta yi ta haɗiye abin tana ramewa, har ranar da ya wuce ta bayanta tana guga, ƙamshin nan ya bugi hancinta, ta daskare da dutsen guga a kan rigar wani baƙo har hayaƙi ya tashi. Ta yar da komai ta fita da gudu, ba ta tsaya ba sai a cinyar Goggo, inda ta furta mata abin a taƙaice.

Goggo ta ɗora hannu a ka ta yi kuka, ta yi Allah ya isa har muryarta ta dishe, sannan ta ja mayafi ta ce su tafi wajen 'yan sanda, ko za a mutu sai an bi wa marainiyar Allah hakkinta. Suna dab da ƙofar ofishin Goggo ta ja ta gefen katanga.

“Tsaya tukuna. Da ya kama ki, kin yi ihu?”

“A'a, Goggo.”

“Kin cije shi? Kin yaƙushe shi?”

“Na kasa, Goggo... jikina ne ya mutu.”

“Na shiga uku na lalace! Wa zai yarda da ke? A taɓa mace ba ta yi ihu ba? Cewa za su yi da yardarki aka yi! Saurare ni da kyau. Ki ce kin yi ihu har muryarki ta dishe, kin bubbuga ƙofa. Ai ba ƙarya ba ce, zuciyarki ta yi ihun.”

“Goggo, ba haka aka yi ba...”

“Ni na raine ki ko ke kika raine ni? Wuce mu je!”

Haka aka sa mata ihu a baki, ta shiga ta faɗa, 'yar sanda ta rubuta. Likita ya duba ta ya girgiza kai, ya ce an makara, babu abin da zai iya rantsewa a kansa. Lauyar gwamnati, wata mata mai gajiyayyun idanu da takardun ƙara jibge a gabanta, ta tambayi rigar, da ta ji an wanke har an goge sai ta dafe goshi. Ta ce, “Ƙanwata, ba mu da riga, ba mu da likita. Maganarki kaɗai muke da ita. In akwai wani abu a ciki da ba daidai ba, yanzu ne lokacin faɗa.” Siririya ta buɗe baki, Goggo ta mintsine ta a cinya ta ƙarƙashin tebur, ta rufe.

An daɗe ana ɗage shari'ar, yau alƙali ba shi da lafiya, gobe lauya ya yi tafiya, har takalminta ya cinye a hanyar kotu. Ranar da aka zauna da gaske, ɗakin cike yake, fanka tana juyawa a kasalance. Manaja na zaune cikin fararen kaya, matarsa a bayansa tana share hawaye, kai ka ce shi aka zalunta. Lauyansa wani dogo ne mai tabarau, muryarsa a kwance, ba ya ɗaga ta ko kaɗan. Siririya na waje tana jiran kira lokacin da aka shigo da Mai Ninki, dattijuwar da teburin ninkinta ke jingine da bangon sito. Mai Tabarau ya tambaye ta da me aka yi bangon, ta ce allon katako ne. Ya ce in an yi tari a sito tana ji? Ta ce tana ji. Inji yana aiki a ranar? A'a. To ta ji ihu? Ta ji ana buga ƙofa? Ta sunkuyar da kai ta ce ba ta ji ba, kuma gaskiya ta faɗa. Amma da lauyar gwamnati ta miƙe ta ce, “Da yarinyar ta fito daga sito, yaya kika gan ta?” sai Mai Ninki ta saci kallon Manaja, ta tuna yaranta da ke cin abinci daga teburin nan, ta ce, “Ban kula ba, ranki ya daɗe.”

Aka kira Siririya, ta yi rantsuwa, ta ba da labarinta. Mai Tabarau ya taso a hankali.

“Malama, sana'arki wanki, ko?”

“Eh.”

“Rigar da ke jikinki a ranar, tana ina?”

“Na wanke ta.”

“Kin wanke ta. Kin goge?”

“Na goge...”

“Har da guga, ya Mai Shari'a.” Wasu daga baya suka yi dariya, Allah wadaran su. “Da kika fito daga sito, wa ya jera zannuwan?”

“Ni.”

“Washegari a kan matakala, wa ya fara gaida wani?”

“Ni ce, amma...”

“Eh ko a'a kawai, Malama. Kin ce kin yi ihu. Da ƙarfi?”

Ta waiga ta hangi Goggo a benci tana gyaɗa mata kai. Ta ce, “Da ƙarfi.”

Sai ya cire tabarau ya goge, ya gaya mata abin da Mai Ninki ta faɗa, bangon katako, injin da ba ya aiki, shirun da ko tari ana ji. Ya tambaye ta ko tana so ta ce dattijuwar nan maƙaryaciya ce. Hawaye ya ɓalle wa Siririya, ta ce cikin wata 'yar murya, “Ban yi ihu ba. Na kasa ne... na so in yi, na kasa.”

“Wa ya koya miki ki ce kin yi?”

Ta sake duban Goggo, ta ga tsohuwar ta ƙanƙame mayafi. Matar da ta goye ta, ta yi jinyarta, ta hana kanta ta ba ta! Ta ce, “Babu kowa. Ni kaɗai ce.”

“To, ya Mai Shari'a, wadda ta yi rantsuwa ta ƙara ihu, me zai hana ta ƙara makulli? Me zai hana ta ƙara sauran?”

“Amma ya yi! Wallahi tallahi ya yi!”

“Kotu ta riga ta ji wallahinki na ɗazu, Malama.” Ya koma ya zauna.

Alƙalin dattijo ne, kuma ba za a ce azzalumi ba ne. Ranar hukunci ya yi magana a hankali, yana kallon takardunsa. Ya ce doka ba ta ɗaure mutum a kan zato, sai an tabbatar da laifi har babu sauran kokwanto mai ma'ana. Ya ce babu shaidar likita, babu riga, shaida ɗaya ce tak, ita kuma ta sauya magana bayan rantsuwa. Ya ce, “Kotu ba ta ce abin bai faru ba. Kotu ta ce ba a tabbatar ba.” Ya sallami Manaja. To wa ya tsaya jin wannan bambancin? Kafin Siririya ta sauko daga matakalar kotu, labari ya riga ta isa unguwa cewa alƙali da bakinsa ya ce sharri ta yi.

Daga nan masifa ta yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Otal ya kore ta. Direban da ke neman aurenta ya aiko a ce mata ta yi haƙuri, mahaifiyarsa ta ce ba da ita ba. Kawu, babban wan mahaifinta, ya tara dangi a tsakar gidan Goggo, ya zauna a kujera ita tana durƙushe a ƙasa, ya ce ta zubar musu da mutunci sau biyu, na farko da ta kai maganar waje, na biyu da aka kama ta da ƙarya a bainar jama'a. Ɗan Goggo ya ce shi yanzu ko shago ya shiga nuna shi ake yi, don haka ko ita ko shi a gidan. Kowa ya yi mata caa, wannan ya faɗa wancan ya ƙara, ita kuwa idonta na kan mutum ɗaya. Kalma ɗaya take jira, Goggo ta ce ni na sa ta... Goggo ta sunkuyar da kai tana murza bakin zani, ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya fi duk tambayoyin Mai Tabarau ƙona mata rai.

Ta kama wani ɗan ɗaki a bayan unguwa, tana karɓar wanki da guga daga waɗanda ba su san ta ba ko waɗanda arha ta fi musu komai. In ta fito shanya, matan layin su ƙyafta wa juna ido, wata ta ce, “A yi a hankali da Mai Ihu, kada ta kai mu kotu.” Ba ta tanka wa kowa. Amma fa kada a ɗauka haƙurin nan mai sanyi ne! Ciki take tafasa. Tana cuɗa kaya tana maimaita tambayoyin nan a zuci, tana ba da amsoshin da ba a bar ta ta bayar ba, tana jin haushin lauya, da na alƙali, da na Goggo, da na hannunta da ya yi gaggawar wanki, da na bakinta da ya yi gaisuwa. In ta idar da salla ta daɗe a zaune hannu a sama tana kuka: “Ya Allah, kai kana cikin siton nan, kai ka gani. Ban roƙe ka dukiya ba, ban roƙe ka miji ba. Mutum ɗaya kawai... mutum ɗaya ya yarda da ni!” Shi kuwa Manaja har ƙarin girma aka yi masa, wai don a share masa hawayen sharrin da aka yi masa.

An kusa shekara a haka. Wata rana da yamma tana tsakiyar guga aka buga mata ƙofa da ƙarfi. Ta buɗe, sai ga Mai Ninki tana haki, riƙe da wata budurwa cikin farar rigar aikin otal, ɗankwali a hannu, ido a ƙafe kamar ba ta ganin komai. Yarinyar da aka ɗauka a gurbinta ce, ma'aikata suna ce mata Sabuwa. Siririya ba ta buƙaci a gaya mata ba, ƙamshin turaren ya riga maganar shigowa.

Mai Ninki ta zube a bakin ƙofa. “Ki yafe mini, 'yata. Na gan ki a ranar, wallahi na gan ki, na ce ban kula ba. Yau na sake jin makullin nan... na zauna ina ninki ina ji, Allah ya yafe mini! Da ta fito na kamo hannunta, ban san inda zan kai ta ba sai wajenki.”

Haushi ya taso wa Siririya har wuya, ta ji kamar ta rufe ƙofa a fuskar tsohuwar. Sai Sabuwa ta hangi bokitin ruwa a gefe, ta fizge hannunta ta nufe shi tana ƙoƙarin cire riga. “Ruwa... don Allah Anti ki ba ni ruwa da sabulu, in wanke, in wanke jikina...”

Siririya ta sha gabanta ta riƙe hannayenta biyu gam. “A'a.”

“Don girman Allah, Anti! Ƙazanta ce a jikina!”

“Na sani, ƙanwata. Babu wanda ya fi ni sani. Amma ba za ki taɓa ruwa ba sai likita ya gan ki.” Yarinyar ta yi ta fizga tana roƙo, ita ma tana kuka tana riƙe da ita, domin hana mutum wanka a wannan hali ba ƙaramin rashin tausayi ba ne, kuma ta san haka. Ta lulluɓa mata mayafinta a kan rigar, suka tari mota zuwa asibiti. A hanya Sabuwa ta raɗa mata, “Anti, ban yi ihu ba... na kasa. Ba za su yarda da ni ba, ko?”

“Haka za ki faɗa. Ban yi ihu ba, na kasa. Kada ki ƙara ko kalma, kada ki rage. Duk wanda ya ce ki gyara, ko uwarki ce, ki ce a'a.”

Wannan karon likita bai girgiza kai ba. An karɓi rigar yadda take, an ga raunuka, an rubuta. Lauyar gwamnatin nan dai ce ta karɓi ƙarar, da ta ga Siririya sai ta miƙe tsaye ta kama hannunta. Siririya ta tambaye ta ko yanzu za a sake buɗe tata shari'ar. Lauyar ta ce a'a, wanda kotu ta sallama ba a sake gurfanar da shi a kan abu ɗaya. Kai jama'a! Wato ko an ɗaure shi, nata hukuncin yana nan daram. Ta fita waje ta yi kukan takaici mai isarta, ta share ido, ta dawo ta ce za ta ba da shaida a kan halin da aka kawo mata yarinyar.

Mai Tabarau ya ji daɗin ganinta a akwatin shaida. Ya ce, “Malama, mun taɓa haɗuwa. Ba ke ce kika yi rantsuwa a wannan ɗakin kika yi ƙarya ba?”

“Ni ce,” ta ce, ba tare da ta sunkuyar da kai ba. “Na ce na yi ihu, ban yi ba. Tsoro na ji kada a ƙi yarda da ni, kuma an ƙi ɗin. Yau abin da na gani kawai zan faɗa.”

Ya juya ta ta nan, ya juya ta ta can, ya ce ramuwa take nema, ya ce ita ta kitsa wa yarinyar magana. Ta ce abu biyu ta gaya mata, kada ta yi wanka, kada ta yi ƙari. Ya koma kan Sabuwa da tambayoyinsa na eh ko a'a, yarinyar tana hawaye amma maganarta ɗaya ce daga farko har ƙarshe, inda ba ta tuna ba ta ce ba ta tuna ba. Mai Ninki ta tsaya ta faɗi ƙarar makulli da yadda yarinyar ta fito, ta sani sarai aikinta ya tafi, ta faɗa ɗin. Likita ya kawo nasa bayanin. Manaja da ya fara rantsuwa cewa bai ko shiga siton ba a ranar, da aka karanta sakamakon gwajin rigar sai ya koma cewa da yardarta ne. Shi ma ya sauya magana bayan rantsuwa, kuma babu wanda ya yi dariya.

Alƙaliyar da ta saurari wannan ƙarar ta ce babu sauran kokwanto. Ta ce rashin ihu ba yarda ba ne, tsoro yana ɗaure harshe kamar yadda yake sakinsa. Ta yanke masa shekaru masu yawa a gidan yari. Aka sa masa ankwa a gaban matarsa, fararen kayan nan suka jiƙe da gumi, yana waige-waige yana neman wanda zai yi wa murmushi bai samu ba. Sabuwa ta faɗa jikin Siririya suka yi ta kuka.

Unguwa ta juya kamar ba ita ba. Masu ce mata Mai Ihu suka koma cewa ai su tun farko jikinsu ya ba su. Masu otal suka aiko da ban haƙuri, suka ce ta dawo ta shugabanci ɗakin wanki, ta ce sai in da Mai Ninki, kuma sai an cire makullin sito, suka amince. Kawu ya sake tara dangi a tsakar gidan Goggo, wannan karon har da kujera aka ajiye mata. Ya yi gyaran murya ya ce to, Allah ya bayyana gaskiya, a yafi juna, amma ita ma ta san da ba ta yi ƙaryar nan ba da duk ba a kai ga haka ba...

“Ƙaryar tawa ce!”

Kowa ya waiga. Goggo ce ta miƙe, ta rame ta tsufa. “Ni na sa mata ihun nan a baki, a gindin katangar 'yan sanda. Ta ce mini ba haka aka yi ba, na ce ni na raine ta. Lauya ya tambaye ta wa ya koya mata, ta rufa mini asiri. Kuka tsine mata a tsakar gidan nan ina zaune, na yi shiru don tsoron bakinku. Ni ce maƙaryaciyar, Yaya, ba marainiyar ƙaninka ba!”

Kawu ya rasa inda zai sa idonsa. Ɗan Goggo ya tashi sum-sum ya fita. Ɗaya bayan ɗaya dangi suka zame, tsakar gida ta rage su biyu. Goggo ta rarrafo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, Siririya ta sauko daga kujera da sauri ta ɗago ta, amma ba ta ce ta yafe ba, domin abin yana nan tokare a ƙirjinta.

“Ba zan ce ki yafe mini yau ba,” in ji Goggo tana shessheƙa. “Abu ɗaya nake roƙo. Tun ranar nan ban taɓa barinki kin gaya mini ba, tambayoyi na yi miki kamar lauya. Gaya mini abin da ya same ki, 'yata, yadda ya faru. Ba zan katse ki ba.”

Siririya ta dube ta. 'Yan sanda sun tambaye ta, likita ya tambaye ta, lauyoyi sun tambaye ta, kowa yana neman inda zai riƙe ko inda zai kama ta. Babu wanda ya taɓa cewa ta faɗa kawai a ji. Ta ɗora kanta a cinyar Goggo, hawaye na gangara, ta fara tun daga lalacewar inji. Ta faɗi makullin, ta faɗi yadda murya ta ƙi fita, ta faɗi jera zannuwan da gaisuwar safe. Goggo ta toshe bakinta da mayafi tana kuka, ba ta gyara mata ko kalma ɗaya ba. Da ta kai ƙarshe, tsohuwar ta shafa kanta ta ce, “Na yarda da ke, 'yata. Duka na yarda.”